Ƙaimi Ɗaya

Kuran ya ɗauke tun la'asar a Harobanda,
muka sauka bakin kogi da fitilar batir,
muka ɗaure farin zane tsakanin sanduna biyu.
Saini mai jirgi yana ta dariya:
“Mutane na jefa taru don giwan ruwa,
ku kuna kwanan zaune kan ƙwaron da bai cika cokali ba.”

Suka zo bayan isha'i,
wasu launin toka, wasu launin ɓawon gyaɗa,
kowane ya kifa fukafukai bisa bayansa
kamar jinkar da aka ɗora wa ɗaki.
Baƙo zai ce ƙanen malam-buɗe-littafi ne.
Shafa ka ji. Ba garin da zai manne maka a yatsa,
gashi ne, siriri, kwance.

Shekara ashirin da uku ina ƙirga ƙaimi.
Ƙafar gaba, ta tsakiya, ta baya:
biyu, huɗu, huɗu, ga gida guda;
uku, huɗu, huɗu, an sauya ƙofa.
Daga nan gaɓoɓin ɗan hannun da ke gefen baki,
da jijiyar fiffike, inda ta rabu
kamar hanyar Doso da ta Filinge.
Ƙananan idanu uku a goshi, akwai ko babu?
Sunan yanka kuwa yana can ƙarshen cikin namiji,
sai an jiƙa shi a ruwan magani
har ya yi garau, ka ga ƙugiyoyinsa.

Ƙuruciyarsu na sani tun ina yaro,
in ruwa ya ja baya, mu kife dutse.
Wata ta gina gida da yashi da yawunta,
tana jan sa duk inda za ta.
Wata ba ta gini, raga take saƙawa,
ta fuskanci igiyar ruwa, ta jira.

Kulluwa daga Tawa ta zo bana.
Ta ce ba ta taɓa ganin ruwan da ke tafiya
cikin watan bazara ba.
Na ba ta tsofaffin kwalabe ta koyi hannu,
waɗanda na tabbata ba abin da ya saura a cikinsu.

Kwalba ta ɗari da sha huɗu.
Rubutuna ne, na shekarar da ruwa ya ci Lamorde.
Ƙafar gaba ɗaya ta ɓace tun daren kamu,
ɗayar na ƙirga: biyu.
Na rubuta suna, na toshe, na tafi sallah.

Ta daɗe a kan madubin, har shayinta ya huce.
“Baba Hankurau, ko idona ne?”
Ta matsa mini kujera, ba ta dube ni ba.

Na murɗa, hoto ya taso daga hazo.
Can sama da ƙaimi biyun,
tsakiyar ƙwauri, tsakanin gashi,
ga ɗan rami, da'ira, mai baki tsaf,
gurbin haƙorin da ya fita.

Uku ne.
Shekara goma sha ɗaya yana kwance cikin alkol
da sunan maƙwabcinsa.

Fanka ta tsaya. Na ji kukan jaki daga lambuna.
Na tuna rahoton da na sa wa hannu,
da ɗaliban da suka kwafe shi da kyakkyawan rubutu.

Na miƙa mata fensir,
don tawada narkewa take a kwalba.
Ta ce, “In cire tsohuwar takardar?”
Na ce bar ta. Sa taki a bayanta,
wanda zai buɗe bayanmu ya ga duka biyun.

Da yamma Saini yana kwashe ruwa daga jirgi.
“To, masu farauta, yau me aka samu?”
Na ce rami.
Kulluwa ta riga ta tuɓe takalmi,
tana cikin ruwa har gwiwa,
tana juya dutse.